Daga Ruwan Toka Zuwa Buhun Soda

Akuya ta daɗe a gidan Bahaushe, amma ba don nononta aka fi ajiye ta ba. Dukiyar mace ce. In ciwo ya taso, ko biki ya matso, ko hatsi ya ƙare a rumbu kaka ba ta yi ba, sai a sa mata igiya a ja ta kasuwa. Bayan wannan sai fata. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi fatarta ce ta yi suna har ƙetaren Sahara, ayari ya kai ta arewacin Afirka, Turawa su saya a can su riƙa ce mata fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Nono kuwa na 'ya'yanta ne, sai fa a wasu sassan Nijar da cikin Buzaye, inda ake tatsa a sha ko a yi cuku, ko in an sami jaririn da uwa ta mutu ta bari. Da za a ce wa wata tsohuwa a wancan zamani a tatso akuya za a yi wanka, da ta ce ko almubazzaranci ne ko surkulle.

Yau ga shi a waya. Sabulun nonon akuya, an yanka shi tsaf, an naɗe a takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da zare, ana tallarsa a WhatsApp da Instagram da TikTok, kuɗinsa ya ninka na sabulun kanti. Akasarin masu yinsa a bidiyon matan Amurka suka koya, ko a wurin wadda ta koya a can. Su waɗannan matan hanya biyu suke bi. Akwai haɗin sanyi, wanda ake gauraya mai da ruwan soda a zuba a mazubi a ƙyale shi ya nuna don kansa cikin mako huɗu zuwa shida. Akwai kuma na dahuwa, wanda ake ɗorawa a wuta a dafa har ya nuna a ranar. Wannan na biyun ne ya tsaya mini a rai, domin ana koyar da shi a matsayin baƙon ilimi, alhali kuwa kakanninmu ba su san wata hanyar yin sabulu ba sai ita.

Kafin sabulun kanti ya kai ƙauye, abin wanki daga murhu da daji yake fitowa. Akwai aduwa, a daka ɓawonta ko saiwarta a jiƙa, ruwan ya yi kumfa a wanke tufa da shi. Akwai kanwa da fatake ke kawowa daga Manga da yankin tafkin Cadi. Sannan akwai sabulun kansa. Bayan girbi sai a tara karan dawa ko na gero a ƙone a wuri mai tsabta, don kada ƙasa ta shiga tokar. A samo tsohuwar tukunya a huda gindinta, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma a ciki, a cika ta da toka, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana tsiyayowa cikin kasko. Ruwan farko shi ne mai ƙarfi, jaja-jaja, mai santsi a yatsa. Shi za a ɗora a wuta ya yi ta tafasa har ya tsotse ya yi kauri, sannan a zuba mai, ko kitse narkakke, ko man kaɗe, ko man aduwa, duk dai abin da gidan ya samu. Daga nan sai juyi, yini guda cur, wani lokaci a kwana a sake hura wuta da safe.

Ba son wahala ya sa suke wannan doguwar dahuwa ba. Gishirin da ke cikin ruwan toka mai rauni ne, ba ya cin mai da kansa sai wuta ta yi ta tura shi, kuma irinsa ba ya ba da sabulu mai tauri, shi ya sa na gargajiya yake fitowa baƙi, mai laushi, ana dunƙula shi da hannu. Bayan haka, babu toka biyu masu ƙarfi ɗaya. Ta karan dawa daban, ta itace daban, ta bana daban da ta bara. Saboda haka babu wani awo da mace za ta riƙe ta ce shi ke nan. A bakin murhu take yin lissafinta. Ta ga mai na yawo a sama, ta ƙara ruwan toka. Ta ɗiba ta taɓa a harshe ta ji ya cije ta, ta ƙara mai. Tukunyar da ke kan wuta tana karɓar gyara har zuwa lokacin saukewa, kuma dukkan gwanintar tsofaffin a wannan gyaran take.

Haka abin yake ko'ina. Sabulun salo da ake kawo mana daga ƙasar Yarabawa da Gana, wanda ake yi wa jariri wankan farko da shi, tokar ɓawon koko ko ta ɓawon ayaba ce da man alayyadi, an dafa. Sabulun Halab a Siriya da na Nabulus a Falasɗinu, waɗanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, man zaitun ne ake dafawa kwanaki a manyan tukwane, kuma a da da tokar wata ciyawar hamada ake yin su. Mutanen karkarar Amurka ma har ƙarni na 19 tokar murhu suke tacewa, su jefa ƙwai a ruwan, in ya taso sama su san ya yi ƙarfi.

Abin da ya sauke wannan tukunya a wurinmu jirgin ƙasa ne da kanti. Dogo ya iso Kano a 1911, shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yi ta loda buhuna zuwa Ikko, daga can zuwa Turai, inda masana'antu ke neman mai don abinci da sabulu. A 1923 kamfanin Lever Brothers ya kafa reshensa a Ikko, a 1948 kuma PZ ya shiga sarrafa sabulu a Aba. Sai sandar sabulu ta shigo, doguwa, mai tebur ya sa zare ko wuƙa ya yanka maka na kwabo. Key da Canoe na wanki, Lux da Joy na lefe da kwalliya, a Nijar Lavibel, daga baya Omo ya zo ya zama sunan kowane garin wanki. Ba zan yi wa sabulun kanti butulci ba. Ba ya narkewa a kwano, ba ya warin kitse, na jiya da na yau duk ɗaya ne, ya kuma ɗauke wa mata aikin yini a bakin wuta. Amma ya zo da wani abu da ba a rubuta a jikinsa ba: baƙin sabulu ya koma alamar ƙauyanci. Yarinyar da aka kai makarantar kwana da dunƙulen sabulun gida a ƙasan akwati take ɓoye shi. Cikin tsara biyu, a garuruwa da yawa, aka wayi gari babu wadda ta iya tace toka don sabulu, sai dai don miya.

Talauci ne ya dawo da sana'ar gida, ba ƙaunar gargajiya ba. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan kanti suka fi ƙarfin mutane, aka shiga neman abin da za a yi a tsakar gida a sayar. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, da ire-irensa da suka yi ta biyowa har yau, kusan babu wanda bai sa haɗa sabulu da man shafawa a cikin sana'o'in da yake koyarwa ba. Sai dai abin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba. Ba a koma ga toka ba. Aka tafi wurin masu kemikal a Sabon Gari aka auno soda.

Soda ba a murhu take fitowa ba. Daga ruwan gishiri ake ciro ta da ƙarfin lantarki a manyan masana'antu, ta iso mana cikin buhu mai kilo 25, fara fat, ɓarzajjiya ko ƙwaya-ƙwaya, ɗan kasuwa ya ƙulla a leda babu rubutu babu gargaɗi. Ƙarfinta ya wuce na ruwan toka nesa ba kusa ba. Tana cin mai ko babu wuta, tana ba da sabulu mai tauri, kuma ta yau da ta gobe ƙarfinsu ɗaya, muddin iska ba ta shige ta ba. Wannan ya sa aka daina dafawa. A jiƙa soda ta kwana, a auna da gwangwani, kaza na mai, kaza na ruwan soda, a juya a zuba a mazubi. Wadda ta ci gaba ta sayi haidiromita ta riƙa tsoma shi tana duba kaurin ruwan. To amma haɗin sanyi ba ya karɓar gyara. Da an zuba an gama, abin da aka auna shi za a samu. In awon ya kauce, sai ka ga sabulun soda irin wanda duk wanda ya yi wanki a shekarun nan ya sani, mai arha, mai fitar da dauɗa, mai sale yatsu har su yi jini a gefen farce. Mata suka karɓi wannan a matsayin halinsa, wai sabulu ne mai ƙarfi. Ba ƙarfi ba ne, soda ce ta yi saura ba ta sami man da za ta ci ba, ta koma cin fatar mai wanki.

Ga dalilin da gwangwani ke yaudara. Kowane mai da yawan sodar da yake bukata. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana cin wajen gram 137, na man kaɗe wajen 128, na man kwakwa kuwa wajen 183. Mai kula takan rage kashi 5 cikin 100 na sodar, don a sami ɗan man da zai saura ya tausasa fata. A ce mace ta haɗa gram 400 na man gyaɗa, 300 na man kaɗe, 300 na man kwakwa. Sodarta za ta kama gram 141 ko kusa da haka. Ran da man kwakwa ya yi tsada ta musanya shi da man kaɗe ba ta sake lissafi ba, ta zuba sodar da ta wuce kima da kusan gram 16, alhali rarar da ta bari tun farko wajen gram 7 ce kawai. A ido babu abin da ya canza, gwangwani ya cika kamar kullum. A jikin yaro za a gani.

Daga wannan hali ne sabulun nonon akuya ya same mu. Irin wanda muke gani a bidiyo na masu ƙananan gonaki ne a Amurka, masu kiwon awakin tatsa irin su Saanen ta Suwizalan, wadda kan ba da wajen lita uku a rana. Nono ya yi musu yawa, dokokin jihohi da dama kuma sun tsananta a kan sayar da ɗanyen nono, sai suka juya shi sabulu, wanda ba ya tsami, ba ya bukatar firji. Suna da tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, suna da injin markaɗe na hannu da ke haɗa mai da soda cikin 'yan mintoci, suna da wutar da ba ta ɗaukewa. Tamu jar akuyar da ƙyar take kai lita guda, wutar kuwa kowa ya san halinta. Duk da haka abu ɗaya ya biyo bidiyon nan wanda ya fi nonon daraja, shi ne sikeli mai auna gram.

Na ga yadda ake yi a tsakar gidan yayata, inda 'yarta ta kama wannan sana'a bayan ta gama karatu aiki bai samu ba. Kayan aikinta ba su da yawa: sikelin nan, tukunyar silba wadda ba ta tsatsa, wata babbar tukunya da ruwa a ciki da ake zaunar da ƙaramar don kada gindi ya kama, roba mai kauri, muciyar da ba a tuƙa tuwo da ita, safar hannu, tabarau. Ta fara korar yara zuwa zaure. Ta auna ruwa gram 280, ta riƙa barbaɗa sodar a ciki tana juyawa, fuskarta a kauce saboda tururin da ke shaƙe maƙogwaro. Soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana iya tartsatsi ta fallatso. Babu wuta a ƙarƙashin robar, amma kafin ka ankara ta yi zafin da ba a riƙe ta da hannu.

Wannan zafin shi ne abokin gabar nono. Akwai sukari a cikin madara, in soda ta same shi da zafi sai ya ƙone, ruwan ya koma ja, ya guntse, ya riƙa wani wari mai hawa kai. Shi ya sa a bidiyo za ka ga sun daskarar da nonon ya zama ƙanƙara, su riƙa zuba soda cokali-cokali a kansa. A unguwar da ake yini ba wuta wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ko an yi, dahuwar awa guda za ta ƙona sukarin daga baya. Sai 'yar yayata ta bi ɗaya hanyar, wadda dahuwa kaɗai ke bayarwa: ta jiƙa sodar da ruwa zalla, nonon kuwa, gram 100 da aka tatso da safe aka tace, ta rufe shi ta ajiye gefe sai an sauke.

Daga nan duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo za ta gane hanya. An narkar da mai, an zuba ruwan soda, ana juyawa har ya yi kaurin talge, in ka ɗaga muciya ka ɗiga a sama sawun ya tsaya bai nutse ba. Da hannu wannan kan ɗauki lokaci mai tsawo, musamman in man gyaɗa ya yi yawa. Sai a rufe a bar shi a kan wuta kaɗan. Daga gefe yake fara nuna, ya kumburo ya naɗo zuwa tsakiya, in aka yi sakaci ya yi bori ya zubo, don haka ba a cika tukunya fiye da rabi. Akwai lokacin da zai tsinke, mai ya ware gefe, mai koyo ta ɗauka ya lalace. Juyi kawai yake so. Can sai ya haɗe ya yi nauyi, muciya na tafiya da ƙyar, daga ƙarshe ya yi sheƙi, haske na ɗan ratsa shi. Tsakanin minti 45 da awa guda da wani abu ke nan.

Gwaggonmu, wadda ta haura tamanin, tana kan tabarma tana jan carbi tana kallo. Da tukunyar ta fara kumburowa sai ta ce, “Ke kishiya, wannan abin da kike ta leƙen waya a kansa, ai dahuwar sabulu ce. Ɗebo min in ɗanɗana.”

“Kaka, ki rufa min asiri. Wannan ba ruwan tokarku ba ne. Ki bari ya nuna tukuna, yanzu sai ya sale miki harshe a ce ni na yi.”

Da ya yi sheƙi ta ɗebo ɗan kaɗan ta bari ya huce, ta miƙa mata. Tsohuwa ta shafa a yatsa ta taɓa a kan harshe, ta yi jim. “Ya nuna,” in ji ta. “Amma ya cika sauri. Abin da bai yini a wuta ba ban yarda da shi ba.”

Gwajin harshen nan shi ne dai wanda matan Amurkan ke koyarwa: in ya tsikare ka, da sauran soda, a mayar wuta ko a ƙara mai. Tsohuwa ta san alamar nuna tun kafin a haifi uwar yarinyar, yarinyar kuma ta san abin da tsohuwa ba ta sani ba, cewa farin garin nan ba a yi masa gwajin da ake yi wa toka tun yana ɗanye.

Bayan an sauke an bar shi ya ɗan sarara, sai ta ɗumama nonon ta zuba tana juyawa da sauri, ta ƙara turare. A nan dahuwa ke da wata riba: tunda soda ta gama aikinta, duk abin da aka zuba yanzu ba za ta cinye shi ba, turare kaɗan ma ya isa. Ba a tsiyaya shi kamar haɗin sanyi, da ludayi ake kwasa a danna a mazubi, a buga mazubin a ƙasa don iska ta fita. Samansa ba ya yin sumul, kuma ba a iya yi masa zanen launi-launi irin na hoto. Washegari a yanka. Ana iya wanka da shi nan take, ko da yake in ya sha iska mako ɗaya ko biyu ya fi tauri da auki. Ga mai jarin da bai taka kara ya karya ba, wannan shi ne batun. Ba za ta iya zuba kuɗinta a mazubi ta zauna mako shida tana kallonsu ba, tana bukatar ta sayar ta sake sayo mai kafin farashi ya motsa. Da hunturu yana bushewa da wuri. Da damina kuwa sai ya riƙa gumi, don gilisarin da ke cikinsa na janyo laimar iska, dole a naɗe shi da zarar ya bushe.

Nonon fa, me yake yi? A ganina an yi masa kirarin da ya fi shi. Kusan kashi 87 cikin 100 na madarar akuya ruwa ne, maiƙonta wajen kashi 4, sukarinta ma kusan haka. Gram 100 da aka zuba a tukunyar can maiƙo gram 4 ya kawo, a raba shi ga sabulu goma sha huɗu, kowane bai sami sulusin gram ba. Abin da yake yi na gaskiya shi ne sukarinsa na ƙara kumfa mai laushi, yana kuma saki haɗin ya yi sauƙin kwasa. Taushin da masu saye ke yabo daga wani wurin yake zuwa: daga awon da ya yi daidai, da ɗan man da aka bari da gangan, da man kaɗe, da gilisarin da manyan masana'antu kan cire su sayar daban amma na gida ke barinsa a ciki. Da za a yi wannan haɗin da ruwan rijiya, kaɗan ne za su bambance. Sai dai sabulun ruwan rijiya ba ya sayuwa a waya, na nonon akuya kuwa yana sayuwa, har wasu na kwaɓa madarar gari ta shanu su manna hoton akuya a takarda.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne tambayar da masu saye suka fi yi: “Yana sa haske?” Amsar gaskiya ita ce yana fitar da dauɗa, ba ya busar da fata, shi ke nan. Mai faɗin haka tana rasa ciniki, tana kallo a tafi wurin wadda za ta ce cikin mako biyu za a ga canji. Nono ba ya canza launin mutum. In sabulu ya yi haka, to an zuba masa wani abu, irin su haidurokwinon ko sitiroyid ko makuri, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta daɗe tana gargaɗi a kansu saboda ɓarnar da suke yi wa fata da ƙoda. Kuma ƙarshen dahuwa, lokacin nan da ake zuba nono da turare, shi ne ya fi sauƙin zuba su. A da kunyar baƙin sabulu ake ji, yanzu an dawo ana neman sabulun gida ido rufe, amma don a gudu daga baƙar fata.

Sai batun da ba a cika yinsa a wuraren koyar da sana'a ba, inda ake tara mata ɗari a rumfa, a nuna musu haɗi cikin yini biyu, a raba musu leda da kayan farawa, a ɗauki hoto. Soda ta shiga gidajenmu tun kafin iliminta ya shigo. Da yawa ba a gaya musu ba cewa ba a haɗa ta da tukunyar alminiyam, irin wadda maƙera ke zubawa, wadda kusan kowane gida da ita yake girki. Soda na cin alminiyam, tukunyar ta yi baƙi ta rarake, tana fitar da iska mai kama wuta, ga murhu a kusa. Ba a gaya musu in ta zuba a fata ruwa ake sakar wa wurin, mai yawa, na tsawon minti ashirin ko fiye, in a ido ne a wanke haka a wuce asibiti ba.

Mafi muni shi ne jiƙaƙƙiyar soda. Idan ta huce ba ta da launi, ba ta da wari, ruwa ce sak a ido. Al'adar jiƙa ta ta kwana tana nufin akwai bokiti ko gorar ruwa da ke ajiye a lungu tsawon dare da safiya, a gidan da yara ke tashi da ƙishirwa. Likitocin yara a Najeriya da Gana da Saliyo da Gini sun yi ta rubutu a kan wannan, kuma labarin kusan iri ɗaya ne: uwa ko maƙwabciya mai yin sabulu, yaro ɗan shekara biyu ko uku, kurɓi ɗaya. Ruwan tokar da, yaro zai kurɓa ya tofar ya yi kuka, galibi a tsaya nan. Soda kuwa tana narkar da naman maƙoshi, bayan makonni wurin ya warke ya tsuke, abinci ya daina wucewa, wani har yawu. Daga nan sai zaryar asibitin koyarwa, ana sa ƙarfe ana buɗa hanyar a kai a kai, ko a huda ciki a sa robar abinci, wani sai an yanko hanji an yi masa sabuwar hanya. Abin da aka saba yi a gida in yaro ya sha guba, a ɗura masa man ja ko a sa masa yatsa ya yi amai, a nan ƙara ɓarna yake yi, don sodar za ta sake bin hanyar da ta ƙona, tana iya faɗawa huhu. Ba a ba shi lemun tsami wai don ya kashe ta. A kurkure masa baki da ruwa, a ɗauki ledar ko gorar da ya sha a tafi da ita, a nufi asibiti a lokacin, ko da bakin bai nuna ƙuna ba.